Kujerun baƙi a wani biro na Yamai: abin da aka saya, abin da ya lalace da abin da ya zauna

Asalin lamarin

Mutumin da zan ba da labarinsa kawuna ne, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwa ne da ke shigo da shinkafa da man girki, yana da biro, wato ofis, a Yamai kuma ni nake riƙe mishi takardu, shi ya sa duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wani ma da hannuna na riƙe mitar awon. Biron ɗaki biyu ne, na ciki inda teburinsa yake, sai na waje mai faɗin mita 5 da tsawon mita 6 inda ake zaunar da baƙi. Baƙin nan kuwa ba yara ba ne, galibi manyan 'yan kasuwa ne daga Maraɗi da Ƙonni da Tawa, da mutanen banki masu zuwa da takardun sa hannu, da malamai da dattijan dangi da ke biyowa gaisuwa in sun shigo gari. Da yawansu sun haura shekara 60, suna zuwa cikin babbar riga da hula, wasu da rawani, wasu da sanda.

Shekara da shekaru kujerun katako ne a ɗakin masu 'yar katifa siririya, ba su da kyan gani amma ba wanda ya taɓa kuka da su. Ƙarshen 2023 Kawu ya sa aka yi fenti aka shimfiɗa sabon daɓe, sai kujerun suka fito fili da tsufansu, ya ce shi kam yana son salon, wato saitin kujeru, na alfarma, wanda in baƙo ya shigo zai san an girmama shi.

Janairu zuwa Maris 2024: sayen farko

A waya aka zaɓe su. Wani mai kawo kaya daga waje ya turo hotuna ta WhatsApp, Kawu ya ga wani saiti ruwan ƙasa mai ƙyalli, doguwa ɗaya mai cin mutum uku, ɗaya mai cin mutum biyu, da ƙanana biyu, hannuwansu manya manya kamar matashin kai, mai kayan ya ce fata ce kuma laushinta sai wanda ya zauna. Ba wanda ya tambayi tsayi ko zurfin mazauni, ni ma ban tambaya ba, abin da muka tambaya kawai ko za su shiga ɗakin. An yi ciniki a miliyan 1 da jika 800 na sefa, jika ɗaya sefa dubu ce, har da kuɗin hanya, hanyar kuma ta yi tsawo don tun bayan Yulin 2023 iyakar Benin a rufe take, kaya sai sun sauka Lome su ratso Burkina, shi ya sa abin da aka biya a Janairu bai iso ba sai tsakiyar Maris, an riga an shiga azumi.

Ranar da aka sauke su kowa ya yaba, yaran shago suka riƙa faɗawa ciki suna cewa kai wannan ai gado ne. Kawu da kansa ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce alhamdulillahi.

Afrilu 2024: ranar da abin ya fito fili

Tun satin farko na lura da wani abu, duk baƙon da ya zauna sai ya nutse, gwiwoyinsa su ɗago sama da ƙugunsa, bayansa ya tafi can baya, daga nan sai ya jawo jiki ya dawo bakin kujera ya ɗosana kamar mai jiran a kira shi. Mutanen banki in za a sa hannu sai su ɗora takarda a gwiwa su duƙa, wani ma ya gwammace ya tashi ya tsaya. Hajiya matar Kawu ta zo sau ɗaya da ƙawayenta, na ga kowacce tana ta jan zane tana gyara mayafi don yadda kujerar ke kwantar da mutum, ba su daɗe ba suka tashi.

Bayan sallar azumi da kwana uku wani dattijo ya zo daga Tawa, aminin mahaifin Kawu ne, Baba muke ce mishi duka. An zaunar da shi a doguwar, aka gaisa aka sha ruwa aka yi addu'a, da ya zo tashi ya dafa hannun kujera sai hannun ya lotse, ya yunƙura sau biyu ya koma, a na uku hularsa ta zame ta faɗi kan daɓe, sai da ni da direbansa muka kama shi ta hammata muka ɗaga. Bai ce komai ba sai murmushi, ya ce ma Kawu, Alhaji kujerar taka ba ta son baƙo ya tafi. Kawu ya ce Baba a yi haƙuri, ya duƙa da kansa ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya miƙa mishi da hannu biyu. Wallahi har yau in na tuna fuskar Kawu a lokacin sai na ji wani iri, mutum ya kashe kuɗi don ya girmama baƙo, abin ya zo ya kunyata baƙon a gaban yara.

Washegari na ɗauko mita na auna. Daga ƙasa zuwa saman mazauni in ba kowa a kai santimita 40, in mutum mai kilo 80 ya zauna sai ya sauka zuwa 31. Zurfin mazauni daga baki zuwa jingina 68. Ga zafi kuma, Afrilun Yamai kullum ana haura digiri 40, waccan shekarar ma ta fi, da an ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya sai ka ga shadda ta manne a jikin kujera, mutum ya tashi bayansa sharkaf.

Mayu zuwa Agusta 2024: gyare gyaren da aka gwada

Kawu bai so a ce an yi asarar kuɗin ba, sai aka shiga dabaru. Da farko an sayo matasai shida aka jera a baya don rage zurfi, suka rage shi kam, sai dai suna zamewa, kowane baƙo sai ya yi ta tura su da gwiwar hannu, ɗakin kuma ya koma kamar ɗakin kwana. Sai aka yanko falanki aka sa ƙarƙashin kushin, nutsewar ta ragu zuwa santimita 5 amma mutum yana jin katakon a ƙashinsa bayan minti goma. Aka sa ma ƙafafu guntayen katako don ƙara tsayi, to da zurfin 68 ɗin nan yana nan, sai gajeren mutum in ya jingina ƙafarsa ta bar ƙasa tana lilo, tsugune dai ba ta ƙare ba.

Cikin Yuni aka kira wani yaro mai ɗinkin kujera ya canza soso, Kawu ya ce mishi a sa mai tauri. Ya kawo wani fari mai tauri kamar bulo, aka biya jika 90. Sati uku na farko kamar an dace. Kafin ƙarshen Agusta tsakiyar doguwar ta yi rami, inda aka fi zama ya lotse bai ƙara tasowa ba, in ka duba daga gefe kana ganin kwarin kowane mazauni.

Daminar 2024 kuma an yi ruwa sosai, ɗaki ya ɗauki danshi, abin da aka ce mana fata ce ya fara sabulewa a hannuwa da inda ƙeya ke taɓawa, yana fita ɓarɓashi ɓarɓashi yana liƙewa a fararen kaya. Nan muka gane leda ce aka shafa a kan yadi, irin wadda zafi da gumi da danshi ke cinyewa. Aka rufa zanen gado a kai. Salon na kusan miliyan 2 ke nan cikin wata biyar da isowarsa.

Satumba 2024: an farke kujerar

Wani abokin Kawu ya haɗa mu da wani dattijon mai ɗinkin kujera da ke aiki kusa da kasuwar Katako, ya daɗe a sana'ar, gashinsa duk furfura. Da ya zo bai zauna a kai ba ma, ya ce ɗana kama mini mu kifa ta. Ya yanke baƙin yadin ƙasa da reza ya haska tocila ya ce Alhaji zo ka gani da idonka. Firam ɗin farin katako ne marar nauyi, sirara, an harbe su da 'yan ƙusoshin inji ba ko sukuru ɗaya, a kusurwa biyu har sun fara buɗewa. Ba sifirin ko ɗaya, bel ɗin roba ne aka saƙa, su kuma sun saki kamar tsohon wando. Ya ce ko wane irin soso ka ɗora a kan wannan sai ya bi shi ƙasa.

Sai maganar soson, wadda ita ce na fi ƙaruwa da ita. Ya ce mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, tauri daban, nauyi daban. Tauri shi ne abin da hannunka ke ji ranar saye, nauyi kuwa, wato kilo nawa ke cikin mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, shi ke faɗa maka ko zai kai shekaru. Soso yana iya yin tauri kuma ya zama marar nauyi, irinsa ne ke karyewa daga ciki ya yi rami. Ya yanki gunta daga wanda yaron ya sa mana, santimita 50 da 50 kaurin 10, muka kai wurin mai awon kaya aka ɗora a sikeli, ya ba da giram 450 da 'yan kai, ya lissafa mana ya ce wannan lamba 18 ke nan, na jingina ne ko matashi. Na mazaunin da ake hawa kullum daga 30 zuwa sama ake so, na biro 35, wanda gunta irin wannan zai kai giram 875. Ya ƙara da cewa a kula, akwai masu cusa garin alli a soso don ya yi nauyi a sikeli, shi ya sa bayan awo sai ka matse shi da ƙarfi ka saki ka ga ko ya taso nan take, ka ja gefensa ka ga ko yana yagewa da sauƙi.

Kawu ya tambaye shi ko a gyara wannan ɗin. Ya ce Alhaji gaskiya in na canza firam na canza bel na canza soso na canza rufi, me ya rage na kujerar? Kuma zurfin nan ba ya gyaruwa, an yi ta ne don mai kallon talabijin ya kishingiɗa.

Oktoba 2024: awo kafin katako

Kawu ya ba dattijon mai ɗinkin kujerar aikin sabon saiti, abin da malamin ya fara yi kuwa ya ba ni mamaki, bai kawo hoto ko ɗaya ba. Ya zo da benci da falankai da guntayen soso, ya ce a kira mutum huɗu masu tsayi daban daban, Kawu da ni da mai gadi wanda dogo ne sosai da wani maƙwabcinmu tsoho gajere. Kowa ya zauna ana ƙara falanki ana ragewa har aka samu inda tafin ƙafa ke kwance a ƙasa, cinya a miƙe, gwiwa ba ta fi ƙugu tsayi ba. Aka tsaya a santimita 46 in ba kowa, da sharaɗin kada ya sauka fiye da 3 ko 4 in an zauna. Zurfi 52, yadda mutum zai kai bayansa jingina kuma a samu wurin yatsa biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa. Jingina ta ɗan kwanta kaɗan, santimita 9 a cikin tsayin 50, wato wajen digiri 100, ba a miƙe sak kamar bango ba don wannan ma yana gajiyar da baya. Hannu kuwa santimita 20 sama da mazauni, da katako a ciki da siririn soso a kai, ya zo har bakin kujera, saboda nan ne tsoho ke dafawa ya tashi. Ya kuma ce a bar fili ƙarƙashin gaba, don mai tashi sai ya ja ƙafa baya kafin ya miƙe, in an toshe wurin da katako har ƙasa an hana shi.

An ɗan ja magana kan fasali. Kawu ya ga irin ta Ingila ɗin nan da ake ce ma Chesterfield, mai maɓallai a lotse ko'ina, hannu da jingina tsayinsu ɗaya, ya ce ita yake so don tana da kwarjini. Malamin ya ce yana iya yinta kuma zamanta a miƙe yake, amma ya nuna mishi abu biyu, jinginarta gajera ce ba ta kai kafaɗa, hannunta kuma ya yi tsayi ga mai son dafawa, sannan kowane ramin maɓalli ma'ajiyar ƙura ce in hunturu ya kama. Kawu ya kwana biyu yana tunani, ƙarshe aka yi jingina mai tsayin 58 da ɗinki a tsaye layi layi, maɓallai jeri ɗaya kawai a sama.

Rufi ma an tattauna. Fatar gaske ta saniya tana daɗewa kuma ba ta sabulewa, amma kuɗinta ya ninka, kuma a busasshiyar iskar Yamai sai ana shafa mata mai in ba haka ba ta tsage. Na kawo maganar fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta san kyanta, malamin ya ce kyakkyawa ce amma ƙarama ce, mazauni ɗaya sai an haɗa gunduwa gunduwa, ta fi dacewa da jaka da takalmi da matasan ado. Karan miski kuwa yana riƙe ƙura da zafi. Aka tsaya a kan saƙaƙƙen yadi mai kauri ruwan toka mai duhu, a jikin katin samfurinsa an rubuta Martindale 40,000, wato adadin gugar da ya jure a injin gwaji, na wurin da jama'a ke yawan zama daga 30,000 ake nema.

Katako iroko aka ɗauka, ba sabon saukewa ba, cikin wanda kafintan malamin ya jingine tun bara ya ci rani guda a Yamai. Dalili shi ne katakon da ke zuwa daga ƙasashen gaɓar teku yana tafe da danshinsa, in aka yi aiki da shi ɗanye hunturu na zuwa zai tsuke, mahaɗai su saki, kujera ta fara ƙara. Iroko kuma gara ba ta cika damunsa ba.

Nuwamba zuwa Disamba 2024: aiki da gyara ɗaya

Kawu ya yi wayo wannan karon, ya ce a fara yin ƙarama guda ɗaya a kawo biro ta yi sati biyu kafin a taɓa sauran. Na je wurin aikin sau uku, na ga mahaɗan an fafe katako an shigar da wani cikin wani da gam da sukuru, kowace kusurwa da ɗan katakon tallafi, sifirin ɗin ƙarfe masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji an ja su daga gaba zuwa baya, tazarar santimita 9 tsakaninsu, an ɗaure su da waya a tsakiya don su yi aiki tare.

Ta farkon da aka kawo ta yi tauri fiye da kima, soso lamba 35 kaurin 12 ne kai tsaye ƙarƙashin yadi, wani baƙo ya ce kamar bencin tasha. Malamin bai yi musu ba, ya mayar da ita ya rage mai taurin zuwa 10, ya ɗora mai laushi kaurin 3 a sama da shimfiɗar auduga ta roba, tsayin ya tashi 47 in ba kowa, 44 in an zauna. Wannan ta zauna daidai, a kanta aka yi sauran. Saitin duka, doguwa ɗaya da ƙanana huɗu, ya tsaya a jika 950. An bar mai cin mutum biyu da gangan, don mun lura manyan baƙi ba sa son a matse su kafaɗa da kafaɗa, kowa ya fi son tasa.

Janairu zuwa Yuni 2025: abin da aka gani

Hunturu ya wuce ba ƙara ba motsi a mahaɗai. Ƙura tana nunawa a yadin, wannan kam gaskiya ne, kullum da safe sai an bi da buroshi, kuma da an ɗauki ruwan ƙasa mai haske da ta fi ɓoyewa. Ɗinki ɗaya ya saki a hannun doguwar cikin Fabrairu, malamin ya aiko yaronsa ya gyara ba a biya ko dala ba. Na sake awo a Yuni, inda aka fi zama ya ragu da ƙasa da santimita 1.

Baba ya dawo gaisuwar sallah a farkon Afrilu. Kawu ya nuna mishi ƙaramar da ke kusa da ƙofa, ya zauna rigarsa a baje yadda ya kamata, sandarsa a gefe, suka yi hira kusan awa ɗaya, da ya gama ya dafa hannun kujera ya miƙe shi kaɗai. Ina tsaye kusa ko da za a buƙace ni, ba a buƙace ni ba.

Hajiya da ta gani ta sa aka yi mata na babban falon gida inda ake karɓar surukai da 'yan biki, amma malamin bai kwafi awon biro ba, ya sake zaunar da ita da 'yan uwanta mata, aka sauko da tsayi zuwa 43, zurfi 50, don galibinsu ba su kai mazan tsayi ba. Tsohon salon ɗin an sake mishi rufi da yadi mai araha an kai ɗakin kallo na yara, can kam ana jin daɗinsa don kwanciya ake yi a kai.

Abin da na fahimta

A ganina kuskuren farko ba na mai kawo kaya ba ne shi kaɗai, ko da fatar gaske ya kawo da firam mai kyau, kujera mai tsayin 40 da zurfin 68 ba za ta yi ma ɗakin nan ba, saboda mu ba mu tsaya mun tambayi kanmu su wa za su zauna, da wane kaya a jikinsu, me za su yi a zaune, kuma yaya za su tashi ba. Mun ɗauka laushi shi ne alfarma, alhali a ɗakin da dattijo zai zauna da babbar riga ana maganar kuɗi ko ta aure, girmamawar ita ce ya zauna a miƙe fuskarsa daidai da ta mai gida, ya tashi ba tare da an kama shi ba. Gyare gyaren Mayu zuwa Agusta sun faɗi ne don kowanne yana taɓa abu ɗaya ya bar sauran, matashi ya rage zurfi bai hana nutsewa ba, falanki ya hana nutsewa ya kawo ciwo, soso mai tauri marar nauyi a kan bel da ya saki kuwa kuɗi ne aka zubar.

Ba ina cewa na waje duka banza ba ne, akwai masu kyau ƙwarai daga Turkiyya da Sin waɗanda aka yi su don biro, kuma a cikin masu aikin gida ma akwai wanda zai sa maka ɗanyen katako da soso lamba 18 ya rufe da yadi mai sheƙi. Abin da ya raba saye na biyu da na farko shi ne an auna jikin mutanen da za su zauna, an ga cikin kujerar kafin a rufe ta, an ɗora soso a sikeli, kuma an gwada guda ɗaya sati biyu kafin a biya kuɗin sauran. Duka duka Kawu ya kashe sama da miliyan 2 da jika 800 kafin ɗakin ya daidaita, kashi biyu cikin uku na kuɗin a kan saitin da yanzu yake ɗakin yara.